Mota a Fuskar Kati: Tarihin Katunan Hanya da Masu Tara Su

Kati ya riga mota zuwa duniya, 1869 zuwa 1894

Katin wasiƙa ya girmi mota da shekara 17. Ranar 1 ga Oktoba 1869 gidan waya na daular Ostiriya da Hangari ya fara sayar da wata 'yar takarda mai kauri wadda aka riga aka buga mata kan sarki. Gefe ɗaya na adireshi ne, ɗaya gefen na saƙo, babu ambulan, kuma kuɗinta bai kai rabin na wasiƙa ba. Wani jami'in gidan waya Bajamushe, Heinrich von Stephan, ya kawo shawarar tun 1865 aka ƙi karɓa. Sai da Emanuel Herrmann, malamin tattalin arziki, ya sake tayar da maganar a jarida a farkon 1869 sannan hukuma ta gwada. Masu suka sun ce ba mai mutuncin da zai rubuta sirrinsa a fili, ma'aikacin gidan waya da baran gida su karanta. Arha ta rinjayi kunya. Ingila ta bi sahu a 1870, Amurka a 1873, sannan yarjejeniyar gidajen waya ta duniya da aka ƙulla a Bern a 1874 ta share hanyar da kati zai riƙa tsallaka iyaka.

Waɗannan katuna na farko ba su da hoto. Wanda ya fara sa hoto kuwa, har yau ana jayayya a kansa. Turawan Ingila suna nuna wani kati da aka zana da hannu aka aika wa marubuci Theodore Hook a 1840, ana kuma cewa shi ya aika wa kansa don ya yi wa ma'aikatan gidan waya shaƙiyanci. Faransawa suna cewa wani mai sayar da littattafai, Léon Besnardeau, shi ya buga wa sojojin sansanin Conlie kati mai zane a 1870. Abin da ba a musu a kansa shi ne kasuwar kati mai hoto ta buɗe ne da katin hasumiyar Eiffel a baje kolin Paris na 1889 da katunan baje kolin Chicago na 1893, kuma a 1894 Ingila ta ba maɗaba'u masu zaman kansu izinin buga nasu.

A tsakanin nan aka haifi mota. Karl Benz ya yi wa kekensa mai inji rajista ranar 29 ga Janairu 1886, kuma a Agusta 1888 matarsa Bertha ta tuƙa irinsa da 'ya'yansu biyu daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita 100 da ɗoriya, tana tsayawa a kantin magani ta sayi abin da injin zai sha. A Yuli 1894 jaridar Le Petit Journal ta shirya gasar motoci daga Paris zuwa Rouen. Wato a lokacin da maɗaba'u suke neman abin da za su sa a fuskar kati, a lokacin ne aka sami abin kallon da ya fi kowane jan ido.

Zamanin da mota take abin al'ajabi, 1895 zuwa 1914

A katunan wannan zamani mota ce a tsakiya, sauran komai rakiya ne. Yawancin masu sayen katin ba su taɓa shiga mota ba, wasu ma ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Tsere shi ne ya fi sayuwa: gasar kofin Gordon Bennett daga 1900 zuwa 1905, babban tseren Le Mans na 1906 wanda Ferenc Szisz ya ci da motar Renault, da tafiyar Peking zuwa Paris ta 1907 wadda Yarima Scipione Borghese ya lashe da motar Itala. Maɗaba'un Faransa kan buga jerin katuna masu lamba a kan tsere guda, kowace kwana da kowane direba da nasa katin, ga shi da tabarau da hular fata, bakanikensa a gefe. Mai tarawa ba ya samun kwanciyar hankali sai ya cika jerin, kuma da wannan ƙaiƙayi aka riƙa cin kasuwa. Har hatsari an sayar. Tseren Paris zuwa Madrid na Mayu 1903 gwamnati ta tsayar da shi a Bordeaux bayan mutane da dama sun mutu, cikinsu har da Marcel Renault, amma hotunan tarkacen motocin sun shiga kati.

Gyara biyu suka mayar da abin ruwan dare. Da farko doka ta ce bayan kati na adireshi ne kawai, sai mai aikawa ya cusa saƙonsa a gefen hoto ko a kansa. Ingila ta yarda a raba bayan gida biyu a 1902, Faransa a 1904, Jamus a 1905, Amurka a Maris 1907, hoto ya sami fuska guda shi kaɗai. Na biyu, a 1903 kamfanin Kodak ya fitar da kyamara ƙirar 3A wadda hotonta daidai yake da girman kati, ana wanke shi a takardar da aka riga aka buga mata wurin adireshi. Daga nan kowane mai hoto na ƙauye ya zama maɗaba'a. Likitan gari ya sayi mota, sai a tara iyali a ciki, a ɗauka, a wanke dozin guda, a aika wa dangi. Wanda ba shi da ita ma bai rasa ba. A shagunan hoto da wuraren wasa na bakin teku akan ajiye gangar jikin mota ko ta katako da aka yi wa fenti, bayanta labule mai zanen hanya da itatuwa. Magidanci ya kama sitiyari ya ɗaure fuska, uwargida ta ɗaura mayafi a kan hula kamar iska na kaɗa ta, alhali ƙafafun motar a kafe suke a daɓen shago. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Yuni 1908 gidan wayan Amurka ya ɗauki kati sama da miliyan 677, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 90 ba.

Barkwanci ma ya sami rabonsa. Akwai katunan da ke nuna mai mota kwance a ƙarƙashinta cikin taɓo, manomi na wucewa da dokinsa yana dariya. A garin Ottawa na jihar Kansas, William H. Martin ya yi arziki wajen 1908 da haɗa hotuna biyu su zama ɗaya, har ka ga mutane cikin mota suna bin zomon da ya fi motar girma.

Tarawa da musaya sun taso tare da katin, ba daga baya suka zo ba. A 1897 aka kafa ƙungiyar Kosmopolit a Nuremberg, mai mambobi a ƙasashe da yawa. Ana buga sunaye da adireshi, mutum ya zaɓi baƙon da bai taɓa gani ba ya aika masa kati, shi kuma ya rama da na garinsu. Masu tarawa na Faransa sun fi son a manna kan sarki a gefen hoto, don idan an saka katin cikin albam a ga hatimin garin da ya fito ba sai an juya shi ba. Shi ya sa ake samun tsofaffin katuna da haruffan T.C.V. a gurbin kan sarki, alama ga ma'aikacin waya cewa ya duba ɗaya fuskar. Kamfanin Raphael Tuck na London ya sa gasa ta fam 1,000 ga masu tara katunansa da suka bi ta gidan waya, wanda ya zo na ɗaya ya kawo sama da 20,000. Ana cewa ita kanta Sarauniya Victoria tana da albam da wata 'yar uwarta ke kula mata da shi.

Abin da ya karya wannan zamani siyasa ce. Mafi kyawun katuna masu launi a Jamus ake buga su, har waɗanda ke ɗauke da hoton garuruwan Amurka. Dokar kwastan ta Payne-Aldrich ta 1909 ta ɗora musu haraji mai nauyi. 'Yan kasuwa sun yi ta jibge kaya kafin dokar ta fara aiki, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Yaƙin 1914 ya ƙarasa yanke hanyar.

Motocin Citroën a ƙasar Hausa, 1922 zuwa shekarun 1930

Bayan yaƙi, André Citroën, mai kamfanin motocin Citroën, ya fi kowa gane cewa hoto shi ke sayar da mota. Daga 1925 zuwa 1934 sunansa ne ke haskawa da fitilu a jikin hasumiyar Eiffel, kuma duk baƙon da ya aika katin hasumiyar da dare ya yi masa talla kyauta. Kafin haka ya tura Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil da motoci biyar masu sarƙar roba a madadin ƙafafun baya, suka tashi daga Touggourt a Aljeriya a Disamba 1922 suka isa Tambutu a Janairu 1923. Ranar 28 ga Oktoba 1924 ayari na biyu, mota takwas, ya bar Colomb-Béchar. A ƙarshen shekarar ya ratsa Yamai da Dosso da Tasawa da Damagaram, ya zagaya Tafkin Chadi zuwa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, ya gangara Kongo, tafiyar ta ƙare a Madagaska a Yuni 1925. Da mai ɗaukar fim Léon Poirier da mai zane Alexandre Iacovleff aka yi ta, hotunanta kuma sun bazu a littafi da sinima da kati.

Wanda ya kalli waɗannan hotuna da idon ɗan ƙasa zai ga yadda aka tsara su: mota da Bature a gaba, sarki da mahaya da 'yan kallo sun zama ado a baya. Ba a ganin dubban mutanen da aka sa saran hanya a kurmin Kongo kafin motocin su iso, ko raƙuman da suka riga su kai man fetur cikin hamada. Haka katunan kamfanonin safarar Sahara na bayan haka. Na hanyar Tanezrouft sun shahara da hoton Bidon V, zangon da ba komai a cikinsa sai famfon mai da gangar jikin bas da aka mayar wurin kwana. Kamfanin da Georges Estienne ya kafa a 1933 kuwa motocinsa sun riƙa bi ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano, kusan kan sawun ayarin fatake na da.

Hanya ta karɓe fuskar kati, 1913 zuwa 1956

A Amurka labarin ya ɗauki wani salo, domin a can ne mota ta fara zama kayan talaka. Model T ta Henry Ford ta fito a Oktoba 1908 a kan dala 850, zuwa tsakiyar shekarun 1920 ta sauko ƙasa da dala 300, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi miliyan 15. Abin da maƙwabci ke da shi ya daina zama abin al'ajabi. Sai mota ta matsa gefe, hanya da abin da ke bakinta suka shigo tsakiya. A 1903 sai da Horatio Nelson Jackson ya kwana 63 kafin ya tsallaka da mota daga San Francisco zuwa New York, ana cewa a kan cacar dala 50. A 1913 aka ƙaddamar da Lincoln Highway tsakanin biranen biyu, a Nuwamba 1926 kuma aka raɗa wa hanyar Chicago zuwa Los Angeles suna Route 66, kusan kilomita 4,000, wadda ba a gama shimfiɗe ta ba sai 1938. A bakin hanyoyin nan gidajen mai da wuraren cin abinci da masaukai suka tsiro. Na farko da ya kira kansa motel an buɗe shi a San Luis Obispo a 1925.

Duk mai irin wannan sana'a matsalarsa ɗaya ce: baƙonsa mai wucewa ne, kwana ɗaya ya tafi. Kati shi ne maganin. A ajiye shi kyauta a kan kanta, baƙo ya rubuta wa ƙanwarsa cewa sun iso lafiya, kan sarki na senti ɗaya ya kai hoton masaukin gidan da mai yiwuwa baɗi su ma za su biyo hanyar.

Wanda ya fi kowa cin wannan kasuwa shi ne Curt Teich, haifaffen Greiz a Jamus, wanda ya kafa maɗaba'arsa a Chicago a 1898. A 1931 ya fito da bugu a kan takarda mai ƙurji-ƙurji kamar saƙar lilin, wadda ke sa launi ya tashi da ƙarfi. Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kai. Wakilin kamfani zai ɗauki hoton masauki baƙi da fari, ya aika Chicago tare da umarnin mai wurin. Wani ma kan haɗa da ƙyallen labule ko yankin darduma don a dace da launi. A can masu zane su share turakun lantarki da kwandon shara, su shimfiɗa ciyawa inda ƙura take, su cika sama da shuɗi ko jan almuru, su mayar da rana dare su kunna fitilu. Idan farfajiyar ta yi fayau, su ƙara motoci biyu ko uku masu ƙyalli don a ga wurin na ciniki. Idan aka zo sake bugu bayan shekaru, wani lokaci motocin kawai za a sabunta. Saboda haka mai neman sanin tarihin wuri daga irin wannan kati sai ya yi hattara: ginin gaskiya ne, abin da ke kewaye da shi kuwa burin mai shi ne. A ganina nan ne daɗinsu yake, don ba a taɓa zana mafarkin ƙaramin ɗan kasuwa da yawa haka ba. Gaskiyar tafiyar tana bayan katin, inda ake samun labarin faci, da zafin inji a kan tudu, da tsadar ɗaki.

Akwai kuma abin da fuskar katin ta ɓoye gaba ɗaya. Baƙar fatar Amurka da ya hau waɗannan hanyoyi ba kowane masauki ke karɓarsa ba, wasu garuruwan ma ba a yarda rana ta faɗi yana ciki. Wannan ya sa Victor Hugo Green, ma'aikacin gidan waya a New York, ya fara buga jagorar matafiya da aka sani da Green Book a 1936, aka ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 1960. Masaukan baƙaƙe sun buga nasu katunan, irin na A.G. Gaston Motel da aka buɗe a Birmingham a 1954, inda Martin Luther King ya yi zango a gwagwarmayar 1963.

A 1939 kamfanin mai na Union Oil ya fara raba katuna masu hoton launi na ainihi a gidajen mansa na yammacin ƙasar, kuma bayan yaƙin duniya na biyu wannan salo mai sheƙi ya ture na lilin. Dillalan motoci su ma sun riƙa aika wa tsofaffin abokan ciniki katin sabuwar ƙira duk shekara.

Turai ta biyo baya da jinkiri. Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi a 1936, ta mayar da shi uku a 1956, ga Citroën 2CV da Renault 4CV sun zo daidai aljihu, sai titin Nationale 7 daga Paris zuwa bakin Bahar Rum ya riƙa cushewa duk bazara. Maɗaba'ar Combier ta garin Mâcon ta bi ƙauyuka tana ɗaukar dandali da coci, da duk motar da ta tarar a ajiye. A Ingila, da aka buɗe babban titin M1 a 1959, har katin kwalta tsagwaronta aka sayar, mutane kuma suka saya da alfahari.

Faɗuwa da dawowar masu tarawa, 1956 zuwa yau

A Amurka, dokar manyan tituna da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956 ita ta kashe ƙananan masaukai, domin sababbin hanyoyin sun kauce wa garuruwa. Manyan kamfanoni irin Holiday Inn, wanda ya fara a Memphis a 1952, ɗakinsu iri ɗaya ne ko'ina, katinsu ma haka. Kyamarar Instamatic ta 1963 ta sa kowa ya zama mai hoton kansa, wayar tarho ta yi arha. Maɗaba'ar Teich ta rufe a 1978, a 1985 aka soke Route 66 daga jerin hanyoyin tarayya.

Sai da abin ya mutu ya yi daraja. Ƙungiyar masu tara kati ta New York ta wanzu tun 1946, amma a shekarun 1970 ne kasuwar tsofaffin katuna ta farfaɗo sosai, lokacin da ake kwashe gidajen kakanni ana fito da albam. A Faransa kundin farashi na Neudin ya fara fita a 1975. Mai zane John Baeder daga katunan lilin ya samo sha'awar zana gidajen abinci na bakin hanya, Martin Parr kuma ya tattara katunan tituna da wuraren shan mai na Ingila cikin littafinsa Boring Postcards a 1999. Taskar Teich, da fayilolin aikinta, tana ɗakin karatu na Newberry a Chicago tun 2016.

Mai tarawa na yau karatun kati yake yi. Ya juya bayansa ya duba ko a rabe yake. Idan hoton gaske ne a takardar AZO, 'yan alamu huɗu masu kusurwa uku da ke gurbin kan sarki za su gaya masa zamani: duka suna kallon sama, kafin 1918 ne, biyu sama biyu ƙasa, bayan haka ne. Idan na Teich ne, lamba irin 6A-H na nufin 1936, 2B-H kuma 1942. Sannan ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi motocin da ke gefen titi ɗaya bayan ɗaya, domin hoto ba zai girmi mota mafi sabunta da ke cikinsa ba. Motar da mai hoto bai ko lura da ita ba, ita ce yanzu ke sa farashi. Katin tsere da aka buga dubbai yana da sauƙin samu, amma hoton garejin ƙauye da aka wanke dozin ɗaya, ga bakanike tsaye a ƙofa, sai an yi gwanjo a kansa.

Musaya ta koma intanet: eBay daga 1995, Delcampe na Beljiyam daga 2000. A Yuli 2005 wani ɗalibi ɗan Fotugal, Paulo Magalhães, ya kafa Postcrossing, wanda tsarinsa bai yi nisa da na Kosmopolit ba. Ka nemi adireshi, a ba ka na baƙo tare da lamba, ka aika, ya shigar da lambar idan katin ya iso, sannan a ba wani naka adireshin. Mambobi kan rubuta irin katin da suke so, kuma tsofaffin motoci na cikin abin da ake yawan roƙo.

Wannan kasuwa ta shafe mu ta wata fuska. Katunan titunan Kano da Kaduna da Legas da Yamai, tun daga na zamanin mulkin mallaka har na shekarun 1960 da 1970 masu Peugeot 404 da Beetle da manyan motocin katako, yawancin masu sayensu baƙi ne, jami'ai da 'yan kasuwa da 'yan mishan da malamai, kuma gida suka aika da su. Shi ya sa mai binciken da ke son ganin yadda bakin wata kasuwa ko tashar mota take kafin a rushe ta, sau da yawa a hannun dillalan Faransa da Beljiyam da Ingila zai sami hoton, kuma da kuɗin waje zai saye shi.